Goma kan ashirin ba ta gaya mini komai

Yara biyu ne suka hana ni sukuni, kuma dukansu 10 kan 20 suka samu.

Ƙarshen zangon farko ne, hazo ya rufe Tawa, ina zaune a ɗakin malamai da mayafi a wuya ina cika takardun sakamako na ƴan sankiyam, wato aji biyu na kwaleji, inda nake koyar da lissafi. Na farko yaro ne mai zama bakin taga. A gwajin farko ya samu 4, a na biyu 16. Ta biyu yarinya ce ƴar bencin gaba, ita kuma 16 ta fara samu, sannan 4. Na haɗa na raba biyu, yadda aka yi mana muna yara, yadda kuma aka koya mana mu yi. Goma, goma. A gaban sunan kowannensu na rubuta kalma guda, irin wadda muke rubuta wa mai goma, ba yabo ba fallasa.

Sai da na rufe rajista abin ya dawo mini. Yaron nan tasowa yake yi, ya gane abin da bai gane ba a watan Nuwamba. Yarinyar kuwa nitsewa take yi. Ta yi mako uku tana jinya daidai lokacin da muka shiga lambobi masu alamar ragi, kuma tun daga nan ba ta sake samun bakin zaren ba. Ɗaya yana buƙatar a ce masa madalla, ɗaya tana buƙatar a zauna da ita awa biyu. Ni kuma na mai da su tagwaye. Iyayensu za su ga goma su ce alhamdu lillahi, malamin baɗi zai ga goma ya ɗora sabon gini a kai.

Wanda bai yi lakol, wato boko, a Nijar ba, ga yadda abin yake a taƙaice. Kwaleji shekara huɗu ce: sizyam, sankiyam, katiriyam, turwaziyam, sannan jarrabawar BEPC. Komai kan 20 ake auna shi. Ana tara makin ƙananan gwaje-gwaje da na dabuwar, wato babban gwajin aji, a fitar da makin aji, a haɗa shi da na kompozisiyo, wato jarrabawar ƙarshen zango, a ninka da nauyin da aka ba kowane darasi, a fitar da abin da kowa ke kira moyen. Daga nan a jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Moyen ita ce sarauniya. Yaro zai iya manta sunan darasin da aka yi jiya, amma ba zai manta yana da 9,75 ba.

Abin da moyen ke yi wa sifiri ma ya isa abin dubawa. Yaro ya samu 14, 15 da 13. Ranar gwaji na huɗu an aike shi kasuwar Lahadi bai dawo da wuri ba, ko ciwon kai ya kwantar da shi, aka dangwala masa 0. Jimla 42, a raba huɗu, 10,5. Yaron da ya iya lissafi ya koma na tsaka-tsaki saboda rana guda. Ni da kaina na sha rage maki biyu saboda surutu, maki biyu saboda an bar kaye, wato littafin rubutu, a gida. Duk ina zuba su tukunya ɗaya da ilimin lissafi, in dama, in ce wannan shi ne matsayin yaro.

Akwai kuma wata cuta da muke ɗauke da ita a ɗakin malamai. Wani malamin lissafi na jami'ar Tuluz a Faransa, André Antibi, ya yi ta magana a kanta tun 2003: malami ba ya jin gwajinsa ya yi daraja sai wani kaso na ajin ya faɗi, ko da ajin na haziƙai ne. Da na karanta haka a waya sai na yi dariya ni kaɗai, don kamar a makarantarmu ya zauna. In moyen ɗin ajinka ta kai 14, kallon da za a yi maka shi ne na mai rabon maki kamar goron suna. In ta tsaya a 7, kai ne malami mai tsanani, ana gaishe ka da girmamawa.

Daga nan na bi zaren karatu har na iske Benjamin Bloom na jami'ar Shikago a Amurka. A 1968 ya ce mafi yawan yara, wataƙila sama da 90 cikin 100, za su iya ƙwarewa a abin da ake koya musu in an ba su lokacin da suke buƙata da gyaran da ya dace. A kan maganar John Carroll ta 1963 ya ɗora, wanda ya ce babban bambancin yara yana a tsawon lokacin da kowa ke buƙata kafin ya gane. Hanyar da Bloom ya tsara ba ta da wuyar faɗa: a yanka darasi gunduwa-gunduwa, a yi ɗan gwaji don a ga inda aka tsaya, a gyara, a sake gwadawa. Faransa ma, da muka gaji maki kan 20 daga wurinta, ta shigo da matakan ƙwarewa huɗu a takardun sakamakon firamare da kwaleji tun 2016, ko da yake makin kan 20 bai mutu can ba.

Amma gaskiya ba Bloom ne ya shawo kaina ba. Ina cikin karanta shi sai na ga ai na san wannan abu, a zauren malaminmu na allo na san shi. Ni ɗan makarantar allo ne kafin in zama ɗan lakol. Za a rubuta maka, ka koma gefe ka yi ta maimaitawa, in ka ji ka shirya ka zo ka durƙusa ka biya. In ka kawo daidai, malam ya ce, "Je ka wanke." In ka yi tuntuɓe, ya gyara maka bakin, ya ce, "Koma." Iyakarta ke nan. Ban taɓa jin an ce yaro ya iya Fatiha goma kan ashirin ba. Ban kuma taɓa ganin malam ya haɗa tuntuɓen ranar Asabar da kyakkyawar biyawar ranar Talata ya raba biyu ba. Ranar da ka iya, ka iya, kuma tuntuɓen baya ya bi ruwan wankin allo. Mu talatin a zaure, kowa da inda allonsa yake, kuma malam ya san inda kowa ya kwana.

Na ce to, bari in kawo "je ka wanke" cikin sankiyam.

Yunƙurin farko, a zango na biyu na shekarar, ya mutu murus, kuma ni na kashe shi. Zumuɗi ya ɗebe ni na tsattsage manhaja zuwa abubuwa 31 da nake so kowane yaro ya iya. Yara 83 gare ni. Duk mai son ya ninka ya ninka: gida 2.573 ke nan da zan riƙa cikawa, ban da sauran azuzuwana. Na manna takardu huɗu da salatif suka zama kamar tabarma. Mako biyar na yi ina fama, ranar da iska ta ɗauke tabarmar ta kai ta gindin bedi na bi ta da gudu yara na dariya, ranar na san an gama. Na koma moyen ɗina shiru, ba wanda na gaya wa.

Da hutun damina na sake zama da abin. Watan Oktoba na shigo da abubuwa goma kacal a zango. Na rubuta su da bakin yaro, kowanne ya fara da "na iya". Na iya haɗawa da ɗebewa da lambobi masu alamar ragi. Na iya haɗa faraksiyo biyu, irin 1/2 da 1/3, da ƙasansu ya bambanta. Na iya auna kusurwa da zana ta. Na iya lissafin in tiya 3 ta kai kaza, tiya 7 nawa za ta kai. Haka har goma. Kowa ya kwafe su da Faransanci a shafin farko na kaye, ni kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya na fassara da Hausa, don kada wani ya ce bai san abin da ake nema a wurinsa ba.

Matakai huɗu na yi, kuma na zaɓi alamomin da za a iya ƙara wa ba sai an goge ba. Ɗigo: bai kama ba tukuna. A ja layi a kan ɗigon: ya fara kamawa. A gitta wani layin ya zama kuros: ya iya. A kewaye kuros ɗin: ya iya har zai koya wa wani, ko ya warware tambayar da bai taɓa ganin irinta ba. Da fensir nake cikawa, don wani lokaci akan koma baya. Kuros kuma ba ya samuwa da sa'ar rana guda, sai yaro ya nuna mini sau biyu a ranaku daban. Wannan ma daga zaure na ɗauko shi, inda tilawa ke tona asirin wanda ya wanke allo ya manta.

Gwajin ya zama gajere, minti goma sha biyar, a kan rubu'in takarda, kowace tambaya da lambar abin da take aunawa a gefenta. Da yake yara uku ne a benci, wani wurin huɗu, sai in raba allo gida uku: na dama, na tsakiya, na hagu, tambaya iri ɗaya, lambobi daban. Ranar farko na kama mutum shida da amsar maƙwabcinsu tsaf a ƙarƙashin tambayar da ba tasu ba. Ban ba su sifiri ba. Na bar gidansu fayau a rajista, na ce ban ga aikinku ba tukuna, na ga na wani. Wannan ya fi sifiri yi musu ciwo, abin da ban zata ba.

Ranar da na fara mayar da takardu babu lamba a sama, ajin ya yi tsit, sannan ya ɓarke. Ana juya takarda gaba da baya ana neman maki. Wata ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, kun mance ba ku sa not ba." Mushe ake ce wa malamin lakol a wurinmu, not kuwa maki. Na ce ban manta ba, duba gefen tambaya ta biyu. Ta duba ta ce, "Layi guda na gani." Na ce to me ya hana shi zama kuros? Ta sake dubawa, a karon farko tana karanta aikinta maimakon jan bik ɗina. Ta rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5, ta haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa. Da na duba rajista da dare sai na ga ginshiƙin faraksiyo ɗigo ne da layi tun daga sama har ƙasa, fiye da rabin aji kuskure guda suke yi. A tsohon tsari da wannan ya ɓace cikin 8 da 9 da 11, in ce ajin bana rago ne. Yanzu ginshiƙin ni yake nunawa da yatsa. Washegari na sayo burodi biyu dogaye a bakin hanya. Na raba ɗaya biyu, ɗaya uku, na ɗaga rabi da sulusi na haɗa su, na ce wa ya yarda wannan bai kai rabin burodi ba? Don 2/5 bai kai rabi ba. Aka yi dariya. Sannan muka yanka kowanne gida shida, suka ƙirga da bakinsu: uku da biyu, biyar cikin shida. Burodin bai kai ƙarshen awa ba.

Sake gwaji shi ne zuciyar tsarin, shi ne kuma ya kusa kai ni ƙasa. Da farko na sa shi da yamma, na ce duk mai son ya sake ya zo. Suka zo kamar ana rabon sadaka, ba wanda ya buɗe kaye, kowa ya zo gwada sa'a, in ba a dace yau ba a dace mako mai zuwa. Na kwana uku ina gyaran takardun da ba su da bambanci da na farko. Sannan na lura da waɗanda ba su zo ba: yawancinsu ƴan mata. Da yamma akwai ɗiban ruwa, akwai talla, akwai Islamiyya, akwai gidajen da in yarinya ta shiga ba ta sake fita. Ashe ƙofar da na buɗe, maza kawai na buɗe wa. Na mayar da shi cikin awar darasi, minti ashirin na ƙarshe, sau ɗaya a mako biyu. Na kuma sa masa tikiti. Ba ka sakewa sai ka kawo tsohuwar takardarka ka gyara ta, da aiki uku irin nata, da layi guda da ka rubuta inda ka kuskure. Abu biyu kawai ake sakewa a zama ɗaya. Masu caca suka ragu, masu gyara suka rage.

Shi darakta tun farko bai hana ni ba, bai kuma rungume ni ba. Ya juya rajistar, ya cire tabarau ya ce, "Mushe, ni takardar gwamnati lamba ta sani. Yi zanenka yadda kake so, amma ranar da na ce a kawo maki, kan 20 nake son su, kuma in uba ya zo da ƙara kai za ka tare shi." Adalci ne. Kompozisiyo ban taɓa ta ba, tare muke tsara ta da sauran malaman lissafi, kan 20 ake gyara ta, sau ɗaya ake yi. Makin aji kaɗai ne nawa, shi na ce zan fitar daga alamomi.

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa, ni malamin lissafi. Abu goma, kowanne maki 2. Na ce ɗigo 0, layi 1, kuros 1,5, kewayayye 2. Ya yi kyau a ido. Sai da na zo fitar da makin tsakiyar zango na ga wani yaro da layi goma reras, ba kuros ko ɗaya, ya tashi da 10 cif. Wato bai iya komai ba har ƙarshe, ya ɗan taɓa komai, kuma ya wuce. Goman da na gudo daga gare ta, ita ce ta zagayo ta baya ta zauna a kujerata. Na rage layi ya koma 0,5. Yanzu mai layi goma 5 gare shi, mai kuros goma 15, kuma ba yadda za a yi yaro ya kai 10 ba tare da aƙalla abu huɗu sun zauna a hannunsa ba. Na tsaya gaban aji na ce na yi kuskuren lissafi, ga gyaran. Wani daga baya ya ce, "Mushe, sai ku kawo tikiti." Na bar su suka yi dariyarsu, sun ci bashi.

Uban da darakta ya yi alkawari ya zo kuwa, cikin watan Disamba. Tela ne, da tef ɗinsa a wuya, da alama daga shago ya taso. Bayan gaisuwa ya ce, "Mushe, yaron ga ya ce ba ka ba su maki, sai zane-zane. Mi ke nan? Uwatai ta tambaye ni, ni ko ban san abin da za ni ce mata ba." Na ce, "Baba, zauna ka gani." Na buɗe layin ɗansa. Na ce nan da nan da nan ya iya, kuros ke nan. Wannan mai da'ira har wasu yake koya wa. Nan biyu kuma da saura, auna kusurwa da faraksiyo, kuma ranar Juma'a zai sake ɗaya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ashe awa yaran shagona. Wanda bai iya wuya ba, ba ni ba shi shadda, ko ya shekara ukku yana aljihu." Na ce shi ke nan ka gama fahimta, har ka fi wasu masu digiri. Muka yi sallama da fara'a. Ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, "To amma dai, Mushe, na nawa ya yi?"

Ban ga laifinsa ba. Garinmu garin ƴan bida ne. Uba yana Abijan ko Libiya, abin da zai iya tambaya a saƙon murya na WhatsApp shi ne na nawa yaro ya yi, kuma amsar kalma ɗaya yake so, wadda zai faɗa wa abokan ɗakinsa. Ba za ka aika masa kuros bakwai da layi uku ba. Jerin na ɗaya da na biyu yana nan a takardar sakamako, ban isa in cire shi ba, na daina ma yaƙi da shi.

Waɗanda suka fi ba ni wuya su ne haziƙai. Yaron da ya saba zama na ɗaya tun firamare ya same ni bayan darasi, ransa a ɓace. Ya ce, "Mushe, ni na iya tun ranar hwarko, wane sai karo na ukku, kuma kuros ɗinmu guda?" Na ce wanda ya sauke Alƙur'ani a shekara biyar da wanda ya sauke a bakwai, wanne ne ba a yi wa walima ba? Ya yi shiru kaɗan ya ce, "Amma su ba a jera su na ɗaya da na biyu." Ya kama ni. Muddin ana jera yara, duk tsanin da ka miƙa wa na ƙasa, na sama zai ga kamar daga ƙarƙashinsa aka zare shi. Abin da na iya yi masa shi ne na tsaurara da'ira: ba ta samuwa da sauri, sai da tambaya mai ƙashi, ko ka zauna da mai ɗigo har ya samu layi. Ya karɓi yara uku a bencin baya, da farko don da'ira, daga baya ina jin don ya gano daɗin a kira shi ƙaramin mushe. Bai taɓa ce mini ya yarda da tsarin ba.

Aikin gida kuma ya faɗi warwas da suka gane ba ya ƙara maki. Wannan ban yi tsammaninsa ba, ko da yake ya kamata in yi. Na ware hali da ƙoƙari a shafi daban, makara, surutu, rashin aiki, ina rubutawa ina kai wa mai kula da tarbiyya, amma ba na taɓa kuros saboda su. Tikitin sake gwaji ya dawo da wani ɓangare na aikin gidan, bai dawo da duka ba. Wani abokin aikina, wanda ke riƙe da katiriyam, ya ce mini a gaban kowa, "Kana lalata su. BEPC ba a sake ta bayan mako biyu." Na ce gaskiya ne, shi ya sa nake so su yi faɗuwarsu yanzu, a inda ake tashi. Ya ce magana ce mai daɗi, mu haɗu a watan Yuni.

Abin da rajistar ta tona mini wanda ya fi komai nauyi, harshe ne. Akwai wani yaro mai sayar da ruwan sanyi a tasha bayan an tashi. Ɗigo ne gare shi a lissafin kuɗi da awo, sau biyu. Tambayar da Faransanci take: kaye ɗaya 150 F, kaye 7 nawa? Ya bar wurin fari. Na kira shi gefe na ce, "Kaye guda dala talatin, bakwai nawa?" Ban rufe baki ba ya ce, "Jaka guda da dala goma." Wato 1.050 F. Ya ninka, ya juya dala zuwa jaka, duk a ka, cikin ƙiftawar ido. Yaron da kullum yake raba kuɗi da biyar don ya mai da faran dala, shi na rubuta wa bai kama ba. Ba lissafi ya kayar da shi ba, jimlar Faransanci ce. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne, amma takardar jarrabawar da ke jiran yaron nan da Faransanci take zuwa, don haka ba gata ba ne in yi kamar ban gani ba. Na fitar da abu guda daga cikin goman, na sa sabo a madadinsa: na iya karanta tambaya in faɗi abin da aka ba ni da abin da ake nema. Lissafinsa ya samu kuros, karatun tambaya ya samu ɗigo, kuma a karon farko ni da shi muka san ainihin abin da za mu yi wa aiki.

Yuni ta zo. Ba zan ce an yi abin al'ajabi ba. Moyen ɗin ajin a kompozisiyo ta ɗan motsa, ba motsin da zan buga ƙirji da shi ba. Abin da na gani da idona shi ne fararen takardu sun ragu ƙwarai, yaran da da suke rubuta suna su kife kai yanzu suna neman tambayar da suka san suna da kuros a kanta su fara da ita. Tambayar da ake tare ni da ita a tsakar makaranta ta canza daga "nawa na samu" zuwa "Mushe, lamba huɗu ta rage mini, yaushe za a sake?" A gefe guda kuma ban gama manhaja ba. Darasin silinda da ƴan uwansa a guje na bi ta kansu cikin zafin watan Mayu, don burodi da sake gwaji sun ci awowinsu. Zauren allo ba shi da kalanda, lakol kuwa tana da ita, kuma duk abin da na ba wani wuri daga wani wurin na ɗebo shi.

Akwai kuma yara tara da layinsu ya tashi da ɗigo ya kwana da ɗigo. Ba su riƙe jadawalin ninkawa ba, biyu daga cikinsu da ƙyar suke haɗa baƙi. Rajista ta nuna mini su tun watan Nuwamba, ba sai Yuni ba, wannan ne kawai abin da ta yi musu. Sanin ciwo daban, samun awar magani a aji mai mutum 83 daban. Na zauna da su sau da yawa lokacin hutun ƙarfe goma, bai isa ba.

Ranar da muka gama taron malamai na ƙarshen shekara, na ɗauki rajistar na kai wa abokina na katiriyam, tunda yaran wurinsa za su. Ya karɓa da hannu ɗaya yana shan shayi. Ya buɗe, ya bi ginshiƙin faraksiyo da yatsa, ya koma na lambobi masu ragi, ya tsaya a kan wasu sunaye. Ya ce, "Waɗannan masu layin, su ne za su ba ni wahala a watan farko ke nan." Na ce su ne. Ya ajiye kofin, ya ciro waya ya ɗauki hoton shafi biyu. Bai ce komai a kan tsarin ba, cewa ya yi rubutuna ƙanana ne, baɗi in riƙa buɗa shi.

Bana na rage abubuwan goma zuwa takwas a zango, na kuma sayi rajista mai manyan gidaje. Makon farko na Oktoba ban taɓa manhaja ba, jadawalin ninkawa da karatun tambaya na gwada kowa a kai, don in san tarana na bana tun kafin hazo ya sauko. Sun fito goma sha ɗaya.